Ki Fara da Naki Jinin

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka Zariya lafiya, gajiyar mota ta sake ki, kin kuma samu masauki na mutunci. Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki, mutanen unguwa kowa na sa miki albarka. Allah Ya tsare ki a inda idonmu ba ya kaiwa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sauƙaƙa miki baƙunta.

Na san za ki yi mamakin tsintar wannan takarda a ƙasan akwatinki. Gwaggonki Kulu na aika wa a Bakura ta saka miki kafin ki kama hanyar Zariya. Ranar da kika zo sallama kin durƙusa a zaure, abin da ya fito daga bakina bai wuce "Allah Shi kiyaye hanya" ba. Ba rowar magana na yi miki ba. Ke ce ta fari, kin kuwa san al'adarmu. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa kiransa ba, ban taɓa zama na yi hira da ke ba, ana yaye ki Kulu ta goya ki sai Bakura. Wanda ya shekara ashirin da uku yana kau da kai ba zai iya buɗe baki rana ɗaya ba. Amma alƙalami ba ya jin kunya. Ki yi haƙuri da bokon nawa, da furfura na koye shi. Inda kika ga harafi ya karkace, ajami ne ke jan hannuna.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Na ga wani abu a wuyanki da hannuwanki, ina so a auna jininki. Na san amsarki tun ba ki ba da ita ba, don taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba. Za ki ce lafiyarki ƙalau. Za ki ce ke da likitoci masu binciken maƙoƙo suka ɗauka ki koyi awon jinin wasu, ba za ki fara aiki da miƙa naki hannun ba. To, dama wanzami ba ya son jarfa. Saboda haka kafin in roƙe ki, bari in shimfiɗa miki abin da na yi wa Innarki. Kina makaranta lokacin. Abin da kika sani shi ne ta yi ciwo ta samu sauƙi, ba ki san rabon da na ɗauka a cikin ciwon ba.

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya hau gonakinmu aka tashe mu zuwa sabon gari, a shekarar jikin Innarki ya fara mutuwa. Matar da kafin mu dawo daga sallar asuba ta gama surfe, ta koma sai hantsi ya dubi ludayi ba ta kai ga dama fura ba. Muryarta ta dushe, fuskarta ta kumbura, gashinta na biyo mataji. Abinci ba ta ci na kirki, amma jiki sai ƙara nauyi yake yi. Ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa, ita tana bakin murhu ƙudundune da bargo.

Ni kuwa na ce baƙin cikin gona ne. A wancan lokaci duk abin da ya samu mutumin Maradun, dam ne. Akuya ta ƙi haihuwa, dam. Tsoho ya yi tuntuɓe, dam. Ba kuma laifin mutane ba ne, ga fadamar da kakanni suka bari a ƙarƙashin ruwa, kowa na yawo da nasa ƙuncin. Sai na riƙa ba ta haƙuri, ina jawo mata ayoyi. Da shekara ta zagayo, matan unguwa suka warware ita ba ta warware ba, sai na sake wa abin suna, na kira shi ƙiwuya. Wata rana na yi baƙi biyu daga Kaya, azahar ta kawo jiki ba a sauke tukunya ba. Na shiga na same ta zaune a rana da tsintsiya a hannu, barci ya kwashe ta a zaune. A gaban ƙannenki na ce mata, "Wagga ƙiwuya ta ishe ni. Gona munka rasa, ba ƙahwahu ba."

Ta ɗago kai a hankali ta ce, "Malam, wallahi ina son in tashi. Ni ka ce ma jikin ga tashi, shi ko ba shi jin kira."

Ba ta yi kuka ba, ko ƙarfin kukan ba ta da shi. Ki riƙe wannan: dalilin da ya fi kusa da hannu ba lalle shi ne na gaskiya ba. Za a kawo muku mata a ce lalaci ne, ko tunani, ko iska. In mace ta ce miki tana so jikin ne ya ƙi, ki fara yarda da ita, sannan ki auna.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya. Kulu ce ta fara ganin kumburin, ba ni ba. Ta zo ziyara, Innarki ta zame mayafi za ta yi alwala, sai ga Kulu a zaure tana ce mini, "Yaya, tun yaushe maƙoƙo ya hito ma matarka?" Ni da nake hango ɗigon da ya ɓace a allon ɗalibi daga bakin ƙofa, ban ga abin da ya kai ƙwan zabo a wuyan matata ba. Da na gani ɗin ma ban ɗauke shi ciwo ba. Maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. A Kaya na san gidan da uwa da 'ya'yanta mata duk suna da shi, suna daka, suna aure, suna haihuwa. Ko da wasa ban haɗa ƙullutun wuya da barcin rana ba. Na kira Tanko wanzami ya yi mata tsaga ya kafa ƙaho. Tabon nan uku da kike gani a ƙasan haɓarta, da izinina aka yi su. Na kuma yi mata rubutu ta sha. Ban yi nadamar rubutun ba, ba kuma zan yi ba. Nadamata ita ce da na yi shi sai na naɗe hannu, alhali da bakina nake karantar da mutane cewa Wanda Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta, a tashi a nema.

Don haka in mace ta zo gabanki da tabon wanzami ko laya a wuya, kada ki yi mata tsaki irin na 'yan boko. Abin da hannun mutanenta ya kai suka yi. Ki ja labule, ki gaishe ta yadda ake gaida uwa, ki bar ta ta kwance mayafin da kanta. Gaskiya ne ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma da lallashi ake kai mutum bakin ruwan.

Kuskurena na uku shi ne mai nauyin. Kulu ta ji labarin wata likita Ba'indiya da ke zuwa asibiti a Mafara ranakun kasuwa, tana duba masu maƙoƙo kaɗai. Ta dame ni, ta dame ni, har na ɗauki Innarki muka shiga mota wata Talata. Likitar ta zaunar da ita, ta zagaya bayanta, ta ɗora yatsu a gaban wuyanta, ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiye. Ta ƙirga bugun jijiyar hannunta, ta shafa fatarta, ta ƙwanƙwasa mata agara da 'yar guduma. Sannan ta fara tambaya, wata nas 'yar Dakko tana yi mana tafinta. Tana jin ɗari? Bayan gida na yi mata wuya? Tana mantuwa? Kowace tambaya Innarki sai ta ce i. Ina zaune ina jin baƙuwar da ba ta jin Hausa tana karanto halin matata, ni da na shekara ashirin da ita ban tambaye ta ko ɗaya ba.

Ta bakin nas ɗin na ji abin da ke yanzu kika fi ni sani. Wai a gaban maƙogwaro, ƙasan zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka da suke kira tayirod. Ita ke zuba wani sinadari a cikin jini, shi ke gaya wa jiki saurin da zai yi aiki: zuciya, hanji, ɗumin jiki, har tunani. Nas ɗin ta ga ban gane ba, sai ta ce, "Malam, ka san ƙohwar ruwan ga ta bakin magudana? In anka buɗe ta daidai, shinkahwa ta yi. In anka matse, gona ta bushe. In anka sake ta dut, ruwa shi kwashe shuka. Ta Inna matsewa ta yi." Ta ce a cikin kai kuma akwai wata 'yar tsokar mai aiko wa wuya saƙo. In ta ga sinadarin ya yi kaɗan sai ta ƙara yawan aike, in ya yi yawa sai ta yi shiru. Su biyun ake nema a jini, sinadarin da saƙon. Ido da yatsa zato kawai suke ba likita, jinin ne ke tabbatarwa, shi ke kuma nuna yawan maganin da za a bayar. Ta ƙara da cewa wani maƙoƙon daga ƙarancin wani abu ne da suke kira aidin a ƙasa da ruwan sha, wani kuma daga jikin mutum ne, yana bin dangi.

Har nan muna tare. Sai nas ta fito da allura da kwalba, ta buɗe babban littafi, ta tambayi sunan Innarki. Ta ce a nan ba su da na'urar, a cikin ƙanƙara za a kai jinin Zariya, kuma kwalbar da ba suna zubar da ita ake yi. Ina jin haka raina ya ɓaci. Ki tuna shekarun da muke ciki. Mutane sun zo da igiyar awo da littafi, sun auna gonata, sun rubuta sunana, sun tafi, ruwa ya biyo bayansu. A kaina duk wanda ya zo da ma'auni da takarda, wani abu ya zo raba ka da shi. Na miƙe na ce, "An auna gonata ruwa ya canye ta. Ba a auna min mata." Na kama hanya, Innarki ta jawo ƙafa ta biyo ni.

Damina guda cur na hana. A cikin daminar nan ta samu ciki, yana wata huɗu ya zube. Da muka koma daga baya na tambayi likitar ko ciwon ne ya jawo. Ta ce ba za ta rantse ba, amma ciwon yakan yi haka. Mutuniyar kirki ce, ta bar mini ƙofar da zan fake. Ban fake ba. Na san ajali na Allah ne, na kuma san abin da hannuna ya hana. Ranar da aka ɗebi jinin ni na faɗi sunan Innarki da bakina, nas ta rubuta a jikin kwalba. Bayan 'yan makonni takarda ta dawo: sinadarin kaɗan, saƙon kai ya yi yawa, kamar yadda aka zata.

A nan ina da nasiha biyu. Ta farko, duk wanda za ki ɗebi jininsa ki gaya masa inda za a kai shi, da abin da za a nema, da ranar da amsa za ta dawo. In tsoho ya yi miki gardama kada ki ce jahilci ne, wataƙila an taɓa auna masa wani abu bai ƙara ganinsa ba. Ta biyu, in kwalabe suka yi miki yawa a kan tebur har suka zama kwalabe kawai, ki tuna kowace ɗaya matar wani ce ko uwar wani. Ki duba sunan sau biyu. Abin da ma'auni ya nuna shi za ki rubuta, ko da bai yi daidai da abin da manyanki ke son gani ba. In ba ki tabbata ba ki ce ba ki tabbata ba, a sake. Mu ma a karatunmu malamin da ke iya cewa bai sani ba shi ake yarda da fatawarsa.

Aka ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba, ɗaya kowace safiya kafin a ci komai. Ban ga alamar wannan 'yar abu za ta tayar da babbar mace ba. Amma kafin wata biyu sai na ji luguden taɓarya da sassafe, na tsaya a soro ina saurare kamar wanda bai taɓa jin daka ba. Muryarta ta dawo, da ita faɗanta ya dawo, har na fara tunanin ko maganin ya yi yawa.

Sai ga azumi, sai ga kuskure na huɗu. Ta tambaye ni yadda za ta yi da ƙwayar safe. Na ce ai ta warke, ta ajiye, azumi ma magani ne. Malami guda, mai amsa tambayar gari a kan abin da ke karya azumi, bai yi tunanin a ce ta sha kafin sahur ba. Bayan salla ma ba ta koma sha ba, tun da Malam ya ce ta warke. Kafin babbar salla bargon nan ya sake fitowa. Muka koma Mafara, nas ta dube ni ta ce, "Malam, wanga magani ba warkarwa shikai ba. Abin da wuyanta ya kasa badawa shi muka ara mata kullum. Ka taɓa ganin wanda ya ci tuwon jiya ya ce ya gama da abinci?" Na sunkuyar da kai kamar ɗalibin da bai iya haddarsa ba. Tun daga ranar ni ke miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa kowace asuba. Ki gaya wa masu shan irin wannan magani tun ranar farko cewa jin sauƙi ba sallama ba ce, ki kuma yi musu maganar azumi tun ba su tambaya ba.

To, yanzu na zo kanki.

Kwana uku kika yi mana. Ban dube ki kai tsaye ba, amma mai kau da kai ya fi kowa iya kallo ta gefen ido. Kin cinye kwano biyu na tuwo, amma warwaron hannunki na zamewa har gwiwar hannu. Da kika miƙo mini kunu, ludayin na kaɗa bakin kwano. Da safe muna jin sanyin raɓa, ke kina fifita da faifai, gumi na tsattsafo miki a goshi. Kin yi wa ƙanwarki tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba kuma halinki ba ne. Mayafinki kuwa kin ɗaure shi can sama har ƙarƙashin haɓa, yadda Innarki ta riƙa yi a shekarun nan. Da kika durƙusa ya ɗan zame, na gani.

Na aika na tambayi Kulu, ta ce wahalar jarrabawa ce, kin daɗe ba kya samun barci. Na ji daɗin amsar ƙwarai, na kusa karɓa. Dalili ne na kusa da hannu, irin wanda na saba so.

Innarki ce ta hana ni. Ita ma kin san ba ta kiran sunanki, ba ta kuma yi miki magana sai ta bayan wani. Da kika tafi ta zo ta tsaya a ƙofar zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, ka ga hannun yarinyar ga?"

Na ce na gani.

"Ka ga wuyan?"

Na ce shi ma na gani.

Sai ta ce, "To shiru za mu yi mata, awa yadda anka yi min?"

Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa goranta mini ba, ko da hannunka mai sanda. Wannan ce ta farko, kuma saboda ke ta yi ta. Ina tashi daga wurin na nemi takarda.

Ni ba likita ba ne. Na taɓa sa wa ciwo suna sau biyu, duka biyun na kuskure, ba zan ƙara ba. Amma ban manta da ƙarshen maganar nas ba, cewa ƙofar ruwan nan takan matse, takan kuma sake duka, kuma in ta sake zuciya ce ke shan wahala, tana gudu ba hutu. Ban kuma manta likitar ta tambaye mu ko muna da 'ya'ya mata ba. Ina zaton kin sani, kin fi ni sani. Ina zaton tsoro kike ji kada su gane su ce ki koma gida, wahalar da ke da Gwaggonki kuka sha ta tashi a banza. In haka ne ki saurare ni. Mutanen da suka ba da rayuwarsu ga wannan ciwo ba su ne za su ƙyamaci mai shi ba. In ma sun ce ki huta, karatu ba ya gudu. Ni kuma na yi miki alkawari, ko me takardar ta nuna ba zan ce ki dawo ba. A can maganin yake, a can nake so ki zauna. Damina ɗaya na jinkirta wa Innarki, kin ji abin da ta ci mana. Ba ni da wata daminar da zan bayar.

Ina sonki. Ban taɓa faɗa ba, ba a kuma koya mini yadda ake faɗa ba, ga shi dai na rubuta.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki ci abinci, ki rubuto wa Gwaggonki don ta fi mu rashin haƙuri. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin abin da ke ɓoye a jiki. Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar bayinsa, Ya yi wa karatunki albarka, Ya dawo mana da ke muna raye muna gani. Na bar ki amana a wurin Wanda amana ba ta tozarta a hannunsa.

Saura abu ɗaya. Safiyar da za ki fara aiki, kafin ki taɓa hannun kowa, ki naɗe hannun rigarki ki miƙa naki. Na san ba a karɓar kwalbar da ba suna. To ga shi, ni na zaɓa miki shi tun kina kwana bakwai, yau na rubuta shi da hannuna, ki kwafa a jikin kwalbar farko: Saratu.

Allah Ya ba ki lafiya, Saratu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga mahaifinki,
a Maradun.